Kwalbar Hanyar Lajawa

A cikin ranakun da na yi ina aikin jinya, akwai wata Alhamis da har gobe ba ta bar raina ba, ranar da Kabiru ya fara zama a bencinmu. Ku da kuka kama aiki kwanan nan kun sha tambayata abin da ya sa nake ƙara wata tambaya a kan waɗanda aka koya muku, duk sanda aka kawo mai shaye-shaye. To ga dalilin. Na canza sunayen mutanen, domin yawancinsu suna nan da ransu a garin nan, kuma sirrin majinyaci ba ya tsufa.

Lokacin ina Sista mai kula da ɗakin shawara a wani ƙaramin asibiti a Wudil, ba a daɗe da hana sayar da maganin tari mai kodin ba. Hanin bai sa an daina sha ba, tsada kawai ya ƙara wa kwalbar. Ɗakin shawara, ga wanda bai sani ba, ba ɗakin kwanciya ba ne. Mutum ya yanki kati ya zo wurina, in auna jininsa, in tambaye shi me yake sha, tun yaushe, da su wa. Likitan ƙwaƙwalwa yana zuwa daga Kano sau ɗaya a mako, ya rubuta maganin da zai rage wa mutum azabar dainawa. Wannan magani ba a damƙa shi a hannun majinyaci. Sai an samu wani babba daga danginsa, wanda muke kira mai riƙo, ya karɓa, ya riƙa ba shi kullum yana kallo har ya haɗiye. Shugaban sashenmu kuwa Malam Habu ne, babban jami'in jinya, mutum mai tsari, wanda ko biro ka taɓa a teburinsa sai ya gane an taɓa.

Damina ce, jajibirin kasuwar Juma'a, gari ya fara cika da motocin shanu. Na leƙo in kira na gaba sai na ga benci ya rabu biyu. Mutane sun matse a gefe guda, a ɗaya gefen kuma mutum biyu suna zaune sun samu fili kamar sun saya. Babban cikinsu ƙato ne mai furfura, da farar riga, da kwalli raɗau a ido, ya rataya tawul a kafaɗa, ga kular abinci a kan cinyarsa. Ƙaramin bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, siriri, ya sunkuyar da kai, hannunsa na dama a naɗe da tsumma. Na ji wata mata tana raɗa wa 'yar'uwarta, "'Yan daudu ne." Babban ya ji. Ya juyo ya gaishe ta gaisuwa mai tsawo, ya tambayi maigida da yara da ruwan bana, har sai da ta rasa inda za ta sa fuskarta.

Da suka shigo ya ce sunansa Ɗahiru, yana sayar da abinci a tasha, amma yaran da ke aiki a rumfarsa Umma suke ce masa, don shi ne uwar ɗakinsu. Shi ke ba su wurin kwana, ya koya musu sana'a, ya tsaya musu idan an taɓa su. Ya nuna ƙaramin.

"Sista, ga ta nan, na kawo miki ita. Kabiru sunanta a kati. Jiya gyangyaɗi ya ɗauke ta a gaban kaskon suya, hannu ya shiga mai, wallahi ko uhum ba ta ce ba. Ni na ji ƙaurin."

Na kwance tsumman na ga ƙunar, na wanke na ɗaure. Na yi wa Kabiru tambayoyina. Yana ba ni amsa da wata murya mai nauyi, kalma ɗaya sai ya huta kafin ta biyu. Kodin yake sha, a juye a kwalbar lemo. Idan bai samu ba sai ƙwaya. Ya shekara uku ko fiye a haka. Da na tambaye shi da su wa yake sha, ya ce shi kaɗai. Ban yarda ba, don a aikin nan kowa shi kaɗai yake sha, har sai ka ga abokan.

Malam Habu ya duba katin ya ce abin a fili yake. Ka'idarmu ita ce a raba mutum da wurin da ya koyi sha da mutanen da yake sha da su, a mayar da shi cikin danginsa. Yaro yana kwana a tasha, cikin direbobi da 'yan kamasho da 'yan daudu, me ake jira? Ya ce wa Ɗahiru an gode da ya kawo shi, amma mai riƙo sai ɗan'uwa na jini. Ɗahiru ya dube shi. Ya ajiye mini kular a kan tebur ya ce farfesun kifi ne, in ci da zafinsa.

Aka aika Lajawa, ƙauyensu Kabiru. Yayansa Sabi'u ya zo, manomi ne, mutumin kirki mai ƙarancin magana. Ya karɓi maganin ya sa a aljihu, ya ce in sha Allahu zai kula da shi, dama sun daɗe suna son ya bar tashar nan ya dawo gona. Ya goya shi a mashin suka tafi. A gaskiya ni ma a ranar na ga tsarin ya yi daidai, haka aka koya mana, kuma ya yi wa mutane da yawa aiki.

Bayan 'yan makonni Sabi'u ya dawo da shi ganin likita. Na tambaye shi yaya jikin. Ya ce, "Alhamdu lillahi, Sista, ya natsu ƙwarai. Yana zama a zaure cikin manya, ba ya ko motsi. Baba ma ya yaba." Na juya na dubi wanda ya natsu. Ƙwayar idonsa ta tsuke ta zama kamar ɗigon tawada, leɓensa a bushe, ya fi ranar farko lalacewa. Maganinmu yana sha, Sabi'u bai yi wasa ba, amma yana ɗora kodin a kai, wanda haɗari ne babba, don mutum yana iya yin barcin da ba a tashi. Likita ya yi faɗa, ya dakatar da maganin, aka sake sabon zama. Aka kuma mayar da shi gida, aka kuma dawo da shi a haka.

Ni kuwa Allah ya yi ni da bin diddigi. Maigidana yakan ce da ɗan sanda aka yi ni, da tuni ɓarayin shanu sun bar kasuwar kara. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a tsakanin nan akwai wani mako da Kabiru ya gudo daga ƙauye ya kwana biyu a tasha, ya zo asibiti shi kaɗai a wanke masa hannu. Ranar yana hamma, yana majina, jikinsa yana ciwo, alamun wanda ya kwana biyu bai sha ba ke nan. Na yi ta juya abin. Yaron da aka raba da tasha don kada ya sha, in ya je tasha sai ya rage, in ya koma gaban iyayensa sai ya ƙara. A ina yake samu a Lajawa ma? Wannan ba wuya, ɗan acaɓa yana kai komai ko'ina. Abin da ban gane ba shi ne dalili.

Wata Juma'a da na tashi daga aiki na ce bari in je in mayar wa Ɗahiru kularsa, wadda dama da gangan na riƙe. Ban taɓa shiga rumfar 'yan daudu ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, sai da na waiga hagu da dama kafin na shiga, kada wata 'yar unguwarmu ta gan ni. Wurin tsaf, tukwane a jere, direbobi da fatake a kan tabarma kowa da kwanonsa. Ashe Kabiru ya sake gudowa. Da ban ga ɗaurin da na yi masa a hannu ba, da na rantse ba shi ba ne. Yana zuba miya yana karɓar kwano yana ba wani direba amsar tsokana, hannu yana tashi sama, murya siririya tana fita tar. Direban ya ce naman ya yi kaɗan. Kabiru ya riƙe ƙugu ya ce, "Yo Alhaji, saniyar taka ka kawo mana muka hana ka?" Rumfa ta ɗauki dariya. Yana hango ni sai hannun ya sauko, muryar ta maƙale, ya gaishe ni ƙasa-ƙasa.

Ɗahiru ya ja ni bayan rumfa ya ba ni kujera. Na tambaye shi kai tsaye ko a nan ake ba yaron.

"Sista, ba zan yi miki ƙarya ba. A cikinmu akwai masu sha, da yawa ma. Wata tana sha don ta iya tsayuwa a gaban wuta tun asuba. Wata don in yara sun bi ta da jifa a layi kada abin ya taɓa ta. Wata kuma an kama ta an aske mata kai a bainar jama'a, tun ranar ba ta sake barci da kanta ba. Na binne waɗanda na raina da hannuna saboda abin nan. Kuma ba sa zuwa asibiti, kin ga dai yadda bencinku ya yi da mu. Amma wannan," ya nuna Kabiru da haɓa, "ba a nan take sha ba. Ni dai abin da na lura, duk ranar da aka aiko daga gida an yi haihuwa ko rasuwa, sai in ga ta ɓace, ta dawo da kwalba a leda. Ki tambaye ta da kanki."

Na ce me ya sa bai faɗa wa Malam Habu ba tun ranar farko. Ya yi dariya ya ce, "Ni ɗan daudu in ce wa babban ma'aikaci kada a mayar da yaro gidan ubansa? Ai sai a ce riƙe shi nake so in yi."

Na ce wa Kabiru ya zo ranar Litinin bayan an watse. Ya zo. Na rufe ƙofa, na ture katinsa gefe, na ce yau ba rubutu, hira za mu yi. Na ce ya ba ni labarin ranar da ya fara sha, ba wanda ya ba shi ba, a'a, inda zai je a ranar.

Ya ce tun yana ƙarami haka yake, a gindin murhu yake wuni wurin mahaifiyarsa, Iya, ita ta koya masa girki. Maganarsa da tafiyarsa irin na mata ne, bai koya ba, kuma an yi dukan an gaji. Da ya girma aka fara zancen aure, shi kuwa ya san zuciyarsa ba ta karkata ga mata, bai taɓa faɗa wa kowa a gida ba, sai ya taho Wudil. Ban tambaye shi fiye da haka ba, don ba shi ya kawo shi wurina ba.

"Sai matar Yaya Sabi'u ta haihu," ya ce. "Ya zo har tasha ya ce in zo suna, amma don Allah in ɗaure hannuna, in ɗaure muryata, kada in ba Baba kunya a gaban baƙi. Sista, ban san yadda ake ɗaure murya ba. Na kwana ina gwadawa. Da safe wani yaron mota ya ga ina rawar jiki, ya ce ga abin da zai kwantar mini da hankali. Na sha a hanya. Kafin mu isa Lajawa harshena ya yi nauyi, hannuwana suka kwanta a kan gwiwa, ko na so in ɗaga ba sa ɗaguwa. Na wuni a zaure cikin maza. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya zunguri wani."

Ya ci gaba da cewa, "Da za mu rabu Baba ya dafa kafaɗata ya ce, 'Yau ka zauna kamar mutum.' Tunda nake bai taɓa dafa ni ba."

Daga nan duk tafiyar da zai yi gida sai ya sayi kwalbar hanya. Suna, ta'aziyya, Sallah. A hankali jiki ya saba, ya fara nema ko ba tafiya. Mu kuma da muka tashi taimakonsa sai muka ɗauke shi muka zaunar da shi a zauren nan, safe da yamma. Natsuwar da Sabi'u yake yabo, kodin ce. Na ji tausayinsa har cikin raina, na kuma ji tausayin uban, wanda ya dafa kafaɗar ɗansa sau ɗaya bai san abin da ya dafa ba.

Washegari na shiga ofishin Malam Habu na zayyana masa, bayan na nemi izinin Kabiru. Ya saurara har ƙarshe yana jera birukansa.

"Sista Rabi, kina so in rubuta ɗan daudu a matsayin mai riƙo?"

"Ranka ya daɗe, ina so a ba maganin wanda yaron ba ya buƙatar ya bugu kafin ya zauna a gabansa."

"Ni fa ban yarda da irin rayuwarsu ba."

"Ba a ce ka yarda ba. Ni ma ba fatawa na zo nema ba. Yaro ne zai mutu a zaure ana yaba masa hankali."

Ya ce ba shi da ikon canza ka'ida shi kaɗai, a jira likita. Likita da ya zo ya ce manufar mai riƙo ita ce a samu babba mai amana wanda yake ganin majinyaci kullum, dangi an ambace su ne don galibi su ne hakan. Malam Habu ya amince, amma da sharaɗinsa: Ɗahiru ya riƙa zuwa da yaron duk mako, kuma ranar da aka ga kwalba ɗaya a rumfar, magana ta ƙare. Shi da kansa ya kira Sabi'u ya ce likita yana son yaron ya zauna kusa da asibiti, wanda gaskiya ne, bai ƙara komai a kai ba. Na ga girman Malam Habu a ranar.

Makonnin farko sun yi wuya. Duk wanda ya ga mai barin kodin ya san abin: zawo, amai, gumi, ciwon ƙashi, ga rashin barci. Ɗahiru ya hana shi zuwa kusa da wuta, ya riƙa dama masa kunu, yana ba shi magani yana cewa, "Buɗe bakin in gani, ni ba a yi mini wayo." Duk mako suna zuwa, benci yana rabewa, Ɗahiru yana gaishe da kowa. A hankali wasu tsofaffi suka fara amsawa har da tambayarsa kasuwa. Kabiru ya yi ƙiba, ƙunar ta warke ta bar tabo. Har kaka ta yi bai sha ba. Amma ni na san ba a gwada komai ba tukuna, don duk tsawon lokacin nan bai taka Lajawa ba.

Ana cikin girbin gero ya shigo ɗakina da sassafe, ba ranar ganin likita ba, fuskarsa ta canza. Ya ce an aiko cewa Iya ba lafiya, ta faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinta ya yi sanyi, ta ƙi cin abinci, sunansa take kira.

"Sista, na biya ta wurin mai sayarwar. Na tsaya a ƙofar shagon. Ban shiga ba, na taho nan. Amma ban san yadda zan wuce zauren nan haka ba."

Na san idan ya sha yau, bayan jiki ya manta da abin, adadin da ya saba sha a da yana iya kashe shi. Na faɗa masa haka ba tare da sakaye ba. Idan kuma bai je ba uwar ta rasu, wannan ma kwalbar zai kai shi. Na je na sami Malam Habu na nemi izinin fita duba mai hawan jini a gida, abin da muke yi jifa-jifa. Ya sa hannu bai tambaye ni ko wace ce ba. Na ɗauki abin awon jini. Muka biya ta tasha, Ɗahiru ya zuba farfesun kaza a kula, Kabiru ya ce a'a, a ba shi kazar ɗanya da kayan miya, a can zai dafa. Na ce mu tafi da hantsi, lokacin maza suna gona, zaure ba kowa.

Lissafina bai yi ba. Muna sauka daga mota muka tarar da mahaifinsa a zaure, da wasu dattawa biyu da suka zo dubiya. Na ga gumi yana tsattsafo wa Kabiru a goshi. Ya durƙusa ya fara gaisuwa, yana ƙoƙarin danne murya, kalma biyu suka fita da kauri, ta uku ta suɓuce ta koma tasa. Hannunsa ya tashi da kansa. Ɗaya daga cikin dattawan ya dubi ɗayan. Uban ya kawar da kai ya amsa gaisuwar yana kallon bango. Na yi sauri na gabatar da kaina na ce daga asibiti nake, na zo auna Iya, a yi mana iso. Muka shige. A soron ciki Kabiru ya jingina da bango yana numfashi kamar wanda ya yi gudu.

Iya tana kwance a kan katifa, 'yar tsohuwa ƙarama, bakinta ya ɗan karkace amma maganarta tana fita. Na auna ta, jinin ya hau sosai, na ba matar Sabi'u bayanin yadda za a kawo ta ganin likita. Kabiru ya gaishe ta a gajarce ya fita tsakar gida ya hura wuta. Ina zaune ina jiyo shi. Da farko shiru, sai ƙarar turmi. Can ya manta da kansa, ya fara yi wa matar yayansa tsiya a kan wuƙarta da ba ta yanka ko albasa, yana cewa da wannan ake yi wa Yaya girki, shi ya sa ya rame. Matan gidan suka fashe da dariya.

Iya ta ɗaga kai daga matashi. Ta ce mini, "'Yar nan, wa nake ji?"

Na ce Kabiru ne.

Ta ce in kira shi. Ya shigo da ludayi a hannu, ya durƙusa. Ta kama hannun nan mai tabo da hannunta mai lafiya, ta daɗe tana dubansa.

"Shekara nawa kana zuwa gidan nan kana zama kamar an dasa ka. In yi maka magana ka amsa da ƙyar. Na ce ko fushi kake da ni, ko wani abu aka yi maka. Har rubutu na karɓo maka." Ta numfasa. "Ashe kana nan."

Kabiru ya kifa kansa a gefen katifar yana kuka. Ni ma na juya ina gyara abin awon jinin da ba abin da ya same shi. Ta ce ya tashi kada miyar ta kama, kuma kada ya cika barkono, ya san ba ta so. Ranar ta sha romo, ta ci tsoka biyu, matar Sabi'u tana ta mamaki.

Ba zan ce muku komai ya gyaru ba. Da muka fito uban bai dafa shi ba, bai ma dube shi ba. Abin da ya ce kawai, yana kallon waje, shi ne, "An ce ta ci abinci." Kabiru ya ce e. Uban ya ce, "To, a riƙa zuwa." Iya ta yi wata da watanni tana jinya kafin Allah ya karɓi abarsa, kuma duk mako Kabiru yana zuwa ya yi mata girki. Bayan rasuwarta ya zame sau ɗaya, a zaman makoki, kwana uku a zaure cikin maza. Shi da kansa ya zo ya faɗa mini, muka sake tashi daga farko. Yanzu yana da tasa rumfar, kuma ya turo mini 'yan'uwansa na sana'a da dama. Suna zuwa ranar da suka san layi ba yawa.

Abin da na koya shi ne, ba wanda yake shan abin nan a banza. Akwai aikin da yake yi masa, ko da aikin banza ne a idonka, kuma idan ba ka gano aikin ba, kana iya karɓe kwalbar da hannun dama ka tura shi wurin mai sayarwa da na hagu, kana ganin ka bi ka'ida. Na kuma koyi cewa ra'ayinka a kan rayuwar majinyaci naka ne, ka bar shi a bakin ƙofa tare da takalmanka, zai jira ka har ka tashi. Shi ya sa idan kun gama tambayar mutum me yake sha, tun yaushe, da su wa, nake cewa ku ajiye biro ku dube shi, ku tambaye shi: ranar da ka fara sha, gaban wa za ka je?